Shafin intanet na haya: na yabe su da wuri

Turaren wuta da humra nake sayarwa daga gida a nan Kano, kuma shekara da shekaru WhatsApp da Instagram ne shagona. Abin da ya ishe ni shi ne tambaya ɗaya sau hamsin a rana: "Hajiya, nawa ne wannan?" Shi ya sa a watan Maris na 2023, ana gab da ɗaukar azumi, na buɗe shafi a wajen ɗaya daga cikin kamfanonin wajen nan da ke ba mutum komai a haɗe. Kai dai ka zaɓi zubin da ya yi maka, ka jawo hoto ka ajiye, ka rubuta farashi. Ba zan kama suna ba, wanda ya sani ya sani.

Ranar farko kam sun burge ni. Ni da ko Excel sai an tsaya a kaina, daga la'asar zuwa bayan isha'i na jera kayana kaf, har da ɗan kwaɗon nan da ke fitowa a gefen adireshi don kwastoma ya san shafin yana da tsaro. Ƙanina da ya karanci kwamfuta ya so in yi WordPress, wata manhajar gina shafi, a wurin ajiyar shafi da zan biya da kaina, amma da ya fara lissafo min sabunta manhaja da adana kwafin shafi duk mako sai na ce masa ya bar ni da wanda zan iya. A shekara guda ban taɓa ganin shafin ya ɗauke ba. Ina kicin ma nake canza farashi ta waya.

Akwai ƙananan abubuwa da na haɗiye. Salon rubutun da ya fi min kyau ba shi da ƙ da ɗ, sai ka ga kalmar "ƙamshi" harafin farko ya fita daban kamar an aro shi daga maƙwabta. Mai sayar da turare kuwa ina za ta kai wannan kalma? Dole na koma wani salon mara ado. A jerin hanyoyin karɓar kuɗi kuma ban ga Paystack ko Flutterwave ba, sai lambar asusuna na rubuta, mutum ya yi tiransifa ya turo min shaida ta WhatsApp. Wato dai rabin cinikin ya koma inda na gudo.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya sa na zauna rubutun nan ya faru ne a makon farko na azumin 2024, lokacin da mai turare ke yin cinikin shekara. Wata kwastoma ta kira ni daga Kaduna: "Hajiya, lafiya kuwa? Kin rufe ne?" Na buɗe adireshina, babu komai. Ashe kuɗin shekara ya ƙare. Dama da katin dala na ƙanina na biya, tunda a lokacin bankuna da yawa sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, shi kuma katin babu ko sisi a ciki. Sun yi ta turo gargaɗi zuwa imel ɗin da ban buɗe shi ba tun ranar rajista. Wannan laifina ne, na yarda. Amma hukuncin ya yi tsauri: suka cire adireshina, suka mayar da ni wani dogon adireshi mai sunansu a ciki, tallansu a saman hotunana, wurin yin oda a rufe. Ni kuwa na riga na buga adireshin a takardun da ke manne a jikin kowace kwalba.

Na nemi wanda zan yi wa magana, na'ura ce ke ba ni amsa, tana ta turo min bayanin da na riga na karanta. Sai bayan kwana biyu mutum ya amsa ta imel, cikin ladabi, ya ce in biya komai zai dawo.

To biyan fa? A dala farashin bai motsa ba. Amma lokacin da na shiga 'yan canjin Wapa suna sayar da dala wajen naira 750, a watan Maris na 2024 kuwa, bayan Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, ta haura 1,500. Haya ta ninka ba tare da mai gida ya ƙara ko kwabo ba. Raina ya ɓaci, na ce wa ƙanina ya kwashe min shafin gaba ɗaya mu koma wani wuri. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Yaya, ai ba a fita da shi." Jerin sunayen kaya da farashi kawai za su ba ni a fayil. Tsarin shafin nasu ne, ba ya aiki a ko'ina sai a wajensu. Hotuna da ɗan rubuce-rubucen da na yi kan yadda ake turara kaya sai dai in bi su ɗaya bayan ɗaya ina kwafa. Adireshin ma da na ɗauka kyauta suka ba ni, na shekarar farko ne kawai, kuma ɗauke shi zuwa wani kamfani sai an nemi lambar izini an jira kwanaki. Sallah kuma ba za ta jira ni ba.

Haka na biya ina ƙunƙuni, cikin minti kaɗan komai ya dawo kamar ba a yi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Da an tambaye ni a watannin farko, goma bisa goma zan ba su. Yanzu sai in ce ya danganta. Mai makaranta ko ɗan asibitin unguwa da ke son shafi uku zuwa huɗu, a ga adireshi da lambar waya, wannan ya ishe shi har ya yi yawa. Mai kaya da yawa da ke karɓar naira ya biya dala, ya yi lissafi tukuna. Ni dai har yanzu ina can, don ban ga ranar da zan zauna kwafar hotuna ba. Sai dai na sayi wani adireshin na .com.ng da naira, da sunana, a wajen masu rajistar da NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng, ta amince da su, kuma shi na ba mai buga takardun kwalba wannan karon.