Kamfanin da ya juya mana taƙaitattun maƙaloli zuwa XML na PubMed: sauri akwai, kula babu

Da farko na yaba musu, gaskiya. Maƙalolin mujallarmu ta likitanci a tsarin JATS suke, wato tsarin XML da mujallu ke adana maƙaloli a ciki; abin da PubMed, rumbun taƙaitattun maƙalolin likitanci, ke karɓa kuwa daban ne: alamar ArticleSet a sama, kowace maƙala da ISSN ɗinta, kundi, fitowa, shafuka, sai DOI a cikin ELocationID. Duk sun jera daidai, kuma fayil ɗin ya tsallake manhajar tantancewa ta NLM, ɗakin karatun likitanci na Amurka mai kula da PubMed, ba ko gargaɗi ɗaya.

Abin da ya ɓata min rai lambobi ne. A wata maƙala kan ƙwayoyin cuta a fitsari, marubutan sun rubuta 10 da ƙaramin 5 a samansa, wato 100,000 a kowace mililita. A fayil ɗin da aka miƙo mana ya koma 105. Haba! Likitan da taƙaitawar kaɗai zai karanta, me zai ɗauka? Dalilin a fili yake: manhajarsu na share duk alamomin da ke cikin jimla ta bar rubutu zalla, alhali PubMed na karɓar sup da sub, alamomin ƙaramin rubutu na sama da na ƙasan layi, kamar yadda suke a JATS. Italic ne ke buƙatar a mayar da shi i, bold ya zama b, shi ke nan. Da suka share, sunan Escherichia coli ya rasa karkatarsa, ƙaramin 2 na CO2 ya hau layi. Manhajar tantancewa ba za ta kama wannan ba, domin gini take dubawa, ba ma'ana ba; 105 a wurinta lamba ce lafiyayya. Sai mutum ya ajiye PDF a gefe guda, XML a gefe guda, ya bi lamba bayan lamba.

Da aka nuna musu sun gyara ba gardama, ba ƙarin kuɗi, wannan kam na ba su. Sassan taƙaitawa ma sun fito tsaf, kowanne da AbstractText da Label ɗinsa.

Sai dai ina cikin dubawa wasu suka ɓullo. Marubuci mai suna ɗaya tak, sun maimaita sunan a FirstName da LastName, alhali FirstName ake bari ba komai a sa masa EmptyYN="Y". Sunan ƙungiyar masu bincike da ya kamata ya shiga CollectiveName, sun raba shi gida biyu kamar sunan mutum. Haruffanmu masu ƙugiya, ɗ da ƙ, sun zama alamar tambaya a sunayen marubuta saboda wani mataki nasu ba ya adana UTF-8, tsarin da ke riƙe irin waɗannan haruffa a kwamfuta. Ana iya gyarawa a PMDM, shafin gyaran bayanai na PubMed, bayan an tura, amma kafin nan wasu rumbunan sun riga sun kwashi kuskuren.

Wanda zai ba su aiki ya rubuta a yarjejeniya cewa sup, sub da UTF-8 ba a taɓa su, kuma ya nemi gwaji da maƙalar da ta fi kowace yawan lambobi kafin ya biya.