Ciwon Jiki da Kumburin Ciki: A Daina Alkama ko A Fara Gwaji?

Masu fama da fibromayaljiya, wato ciwon jiki mai daɗewa da ke zuwa da gajiya, sun sha tambayata: su bar alkama kawai, ko su fara gwajin cutar siliyak, wadda cin alkama ke lalata wa mai ita ƙaramin hanji? Tambayar tana da tushe, don a jikin manya siliyak kan zo da kasala, ciwon gaɓoɓi da ƙarancin jini, wani lokaci ma ba gudawa. Alamomin biyu sai su yi kama.

Barin alkama ba ya cin kuɗi. Ka ajiye burodi, gurasa da taliya, ka koma tuwon dawa da acha. Sai dai akwai tarko: in ka ɗauki lokaci ba ka cin gulutin, wato sinadarin alkama da ke tayar da cutar, gwajin jini na tTG-IgA kan fito lafiya lau ko da cutar na nan. Sai ka koma cin alkama na mako 6 kafin a sake.

Gwaji kuwa da tsada, sau da yawa har da leƙa ƙaramin hanji da na'ura, amma yana ba da tabbacin da za a yi ƙauraci na har abada a kansa.

Mai ƙarancin jini, ko mai ɗan'uwa da siliyak, gwaji ya fi masa. Wanda gwajinsa ya fito ba komai, zai iya jarraba barin alkama da sanin likita.