Man santsi mai ruwa, bayan al'ada ta ɗauke mini

Tun da al'ada ta ɗauke mini, kwanciyar aure ta koma abin da nake jin fargabarsa. Ina son maigidana kamar kullum, ni'ima ce kawai ta ƙafe, sai zafi da raɗaɗi, wani lokacin har da ɗigon jini washegari. Likitar mata ta bayyana mini cewa idan sinadarin estrogen ya ragu a jiki, fatar gaba takan yi laushi ta bushe, kuma masu shayarwa ma suna fama da hakan. Ita ce ta ce in nemi man santsi wanda aka haɗa da ruwa.

A ɗan bututu yake zuwa, irin na man goge baki. Garau yake, ba launi ba ƙamshi, sai dai yana da sanyi idan ya fito, don haka nakan ɗan murza shi a tafin hannu ya yi ɗumi tukuna. Abin da zai rufe kan yatsa ya isa. Ba ya ɓata zanin gado, ruwa kaɗai ke wanke shi. Abu mafi muhimmanci gare ni shi ne zafin nan ya tafi tun daren farko, jikina ya daina ɗaurewa, maigida ma ya daina wannan ɗari-ɗarin na tsoron ji mini ciwo.

Aibinsa ɗaya: idan an ɗau lokaci yakan bushe ya yi danƙo. Ɗigon ruwa na dawo da santsinsa. Ba ya lalata kwaroron roba, saɓanin man shafawa mai maiƙo da ke cinye robar har ta yage.

Shi ya sa raina ke sosuwa idan na ji ana cewa mutanen zamanin da sun fi mu jin daɗin aure, wai jikinsu ya fi ƙarfi. Wataƙila sun fi mu natsuwa, babu waya a gefen matashi, wannan na yarda. Amma macen da ta kai shekaruna a ƙarnonin baya, wa za ta faɗa wa tana jin zafi? Haƙuri take yi ta cije. K-Y, ɗaya daga cikin tsofaffin irin wannan man, sai a 1904 ya fito, shi ma don aikin likitoci aka yi shi. Ga tsoron cuta: tunjere ya ɓarke a Turai a 1495, aka yi ɗaruruwan shekaru ana shafa wa masu shi zaiba har haƙoransu na zubewa, sai a 1943 aka fara warkar da shi da fenisilin. Ƙwayar tazarar haihuwa kuwa a 1960 Amurka ta amince da ita. Kafin nan mace na kwanciya da tunanin wani cikin, ga goyo a baya, ga zazzaɓin haihuwa da ke kwashe mata. Ban ga yadda daɗi zai zauna a jikin da ke cike da wannan fargaba ba.

Zan ci gaba da saye. 'Yan uwana mata, ku duba bayan bututun: mai turare ko wanda aka ce yana sa ɗumi yakan jawo wa wasu ƙaiƙayi, marar komai ya fi. Idan kuma zafin bai daina ba, ko jini na fita bayan al'ada ta ɗauke, wannan ya wuce aikin man santsi, sai an ga likita ta duba.