Hattara da mai tallan "CDI na tsere" a gurup ɗin masu baburan daji

Jama'a masu hawa mashin ɗin daji, dan Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa kuɗi. Akwai wani mutum da yake yawo a gurup-gurup na masu babur a Facebook da WhatsApp, yau wannan suna gobe wancan, amma salon nasa ɗaya ne. Da zarar wani ya rubuta cewa mashin ɗinsa yana yanke wuta ko ya ƙi tashi, kafin ka ce kwabo ya faɗo masa inbos da sallama mai daɗi, wai ai ya san matsalar, CDI ne ya mutu, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, kuma yana da wani na tsere da zai gyara wutar har ya ƙara wa injin gudu. Ko wane irin mashin ne ba ya tambaya sai an zo maganar aikawa.

To mutumin da bai ga mashin ba, bai ɗora mita a kan komai ba, a ina ya san CDI ne? Wuta fa kafin ta isa fulogi hannu da yawa take bi. A yawancin irin waɗannan babura koyil ɗin cikin maganeto ne ke samar da ita, ɗan ƙaramin fikof ya gaya wa CDI lokacin sakinta, CDI ya tara kamar volt 200 zuwa 400 ya watsa wa koyil ɗin fulogi, shi kuma ya ɗaga ta zuwa dubbai. Duk inda aka samu tangarɗa a layin nan alama ɗaya za ka gani, babu wuta.

Kuma babur ɗin daji wahala yake sha, ruwa, laka, zafi, jijjiga. Idan mashin yana tafiya lafiya sai ya ɗauki zafi ya mutu, ka zauna ya huce ya tashi kamar ba shi ba, sau da yawa siririyar wayar koyil ɗin maganeto ce ta tsinke a ciki, zafi ya buɗe ta sanyi ya haɗe ta. Idan bayan tsallake rafi ne ko wanki, duba maɓallin kashewa na kan hannu, aikinsa kenan kai wuta ƙasa, ruwa ya shiga ciki ya yi masa aikin ba tare da ka danna ba. Ga hular fulogi da ta tsage, ga soket da ya yi kore, ga wayar atin da tsatsa ta cinye. Har ɗan ƙaramin makullin nan da ke riƙe filawil, wato ƙarfen maganeto mai juyawa, a mazauninsa yana yankewa, wuta na nan shuɗiya shar amma ba a kan lokaci take zuwa ba. CDI ma yana mutuwa, ban ce ba ya mutuwa ba, amma shi ne na ƙarshe da bakanike mai hankali zai zarga.

Sai kayan da yake turowa. Akwati ne mai sheƙi da sitika, an zuba masa danƙo ya daskare, babu yadda za a yi ka ga abin da ke ciki, kuma wlh da wannan yake cin kasuwa. Babu lambar kaya, babu takarda, bai ma rubuta ko AC ne ko DC ba, alhali na AC daga maganeto yake cin wuta, na DC kuma daga batir mai volt 12, soket ɗin yana iya shiga daidai amma in ka haɗa wanda ba shi ba ko dai ya ƙi tashi ko ya ƙone nan take. Wanda ma ya tashi ɗin shi ne abin tsoro, domin in yana sakin wuta da wuri fiye da kima za ka ji injin yana ƙwanƙwasa a hawan tudu, zafi ya yi yawa, a mai tu-sitirok har fistin yana hujewa. Kana tsakiyar daji, ba natwok, sai turi.

Yana haɗawa da fulogi wai kyauta, da sunan NGK a jiki. Jabu ne, kamfanin da kansa ya sha jan kunne a kan masu kwaikwayon kayansa. Duba rubutun yadda ya dushe, ɗan zoben ƙarfen da ke jikin zaren fulogin ma yana zamewa da hannu.

In ka koma masa da ƙorafi amsar a shirye take, wayarin ɗinka ne ya ƙona, kayan wuta ba a dawo da su, amma tunda kai ne zai rage maka a kan koyil. Wanda ya biye masa ya sake turawa, daga nan sai bulok. Masu yabonsa a ƙasan fostin kuma ku ɗan buɗe shafukansu, sabbi ne fil, hoto ɗaya ko biyu, duk kalma iri ɗaya suke maimaitawa.

Kafin ka sayi CDI a hannun kowa, sa sabon fulogi ka jingina shi da jikin inji ka buga kik ka ga wuta, kar ka buga da hular tana reto a iska, hakan na iya illata koyil ko CDI ɗin. Cire wayar maɓallin kashewa ka sake gwadawa. A auna maganeto da fikof da mita, da sanyi da kuma zafi, a kwatanta da littafin mashin ɗinka. In duk sun fita, ari CDI mai aiki daga mai irin mashin ɗinka sak ka ɗora. Wanda mutumin nan ya taɓa shigo wa inbos kuma ya ɗauki sikirinshot ya tura wa admin, a cire shi kafin ya sake canza suna.