KoboToolbox ta iya tattara amsa, amma ba ta san ma'anar lamba ba

Ɗalibin ilimin zamantakewa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Al-Qalam da zai shiga ƙauyukan Mai'adua da Baure da tambayoyin bincike, da wuya ya samu manhajar tattara amsoshi da ta fi KoboToolbox. Ana tsara tambayoyin a kwamfuta, a sauke su a wayar Android ta manhajarta ta waya mai suna KoboCollect, a yi ta cikewa ko babu sabis, in an dawo gari a tura. Ƙaramin bincike irin na digirin farko ba ya buƙatar biyan ko kwabo. Ta wannan fuska ba ni da ƙorafi.

Inda ake faɗuwa shi ne matakin ma'auni, kuma manhajar ba ta jan kunnen kowa a kai.

Tun 1946 masanin halayyar ɗan Adam S. S. Stevens ya kasa ma'auni gida huɗu. Akwai na suna kawai, kamar ƙaramar hukuma: in an ba Daura 1, Zango 2, Sandamu 3, lambobin laƙabi ne, ƙirga su ake yi a fitar da kaso cikin ɗari. Akwai na jeri, kamar allo, firamare, sakandare, gaba da sakandare, ko "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda ƙwarai" na tsarin da Likert ya kawo a 1932. An san wanda ke sama, amma ba a san ko tazarar daidai take ba. Na uku mai tazara daidai ne ba tare da sifili na gaskiya ba, irin shekarar haihuwa. Na huɗu yana da sifili na gaskiya: yawan 'ya'ya, buhunan gero, kuɗin shiga. A nan ne kaɗai za a ce wane ya ninka wane.

A Kobo, biyun farko duk Select One ake zaɓar musu, biyun ƙarshe kuma Number ko Decimal. Wato ba ta raba suna da jeri. Sannan in aka bar ta, ita za ta laƙa wa kowane zaɓi suna daga rubutunsa, sai fayil ya fito da kalmomi a inda ake jiran lambobi. Tun wajen tsarawa a buɗe kowane zaɓi a rubuta masa lamba da hannu, 1 zuwa 5, kuma duk tambayoyin su fuskanci alƙibla ɗaya. Tambayar da aka juya ta, kamar "asibitin garinmu ba shi da amfani", dole a juya lambobinta kafin a haɗa maki, in ba haka ba ma'aunin Cronbach, mai nuna ko tambayoyin suna tafiya tare, zai iya zubewa ƙasa da 0.7 ɗin da malamai ke nema, ɗalibi ya rasa dalili.

Shawarar da na fi nacewa a kai: abin da za a iya tambaya da lamba tsura, kada a daddatsa shi. Wanda ya tambayi shekaru a rukunin 18 zuwa 25, 26 zuwa 35, ya mayar da ma'auni na huɗu zuwa na biyu da hannunsa, kuma babu komawa. In ya karɓi 31 tsura, daga baya ya kasa yadda yake so. Kuɗin shiga ne nake yi wa uzuri, don mutanenmu ba sa son faɗin abin da suke samu, sun fi sakin baki in an ba su rukuni. Haka dattawa kan ce "hamsin" ko "sittin", shekaru su taru a kan masu sifili. Manhaja ba ta maganin wannan, sai mai tambaya ya bi ta wani abin da dattijon ke tunawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne shingen da ake sa wa amsa. A gaya mata shekaru kada su gaza 18 ko su wuce 99, sai ta ƙi karɓar 350 da yatsa ya zame ya danna. Takarda ba ta yin wannan. Amma a kula da lambar "ban sani ba". In an sa mata 999 aka kuma bar ta ta wuce shingen, to a SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, sai an bayyana ta a gurbin Missing, wato amsar da ba a samu ba, domin amsa ɗaya irin wannan cikin mutum 100 tana ƙara kusan shekara 10 a matsakaicin shekaru. SPSS ɗin ma ta haɗe na uku da na huɗu a Scale, kuma za ta fitar wa mutum matsakaicin "ƙaramar hukuma" 2.4 ba tare da ta ce uffan ba.

Select Many kuwa, kamar "ina kuke samun ruwa", kowane zaɓi yana fitowa a layinsa da 0 ko 1, jimillar kason kan wuce 100. Ba kuskure ba ne, a dai rubuta hakan a ƙasan jadawali.

Ina ba ɗalibai da ƙananan ƙungiyoyi shawarar amfani da ita, da sharaɗi guda: kafin fita, a rubuta matakin kowace tambaya a gefenta, a gwada da mutum 15 ko 20, a sauke fayil ɗin a buɗe shi a SPSS a ga yadda lambobin suka zauna.