A Amurka wanda bai taɓa cin bashi ba shi ne abin zargi

Da kuɗina a hannu na shiga ofishin masu ba da hayar gida a Bronx da ke birnin New York, ga takardar aiki, ga ta albashi. Matar ta danna kwamfuta, ta ɗago ta ce ba ni da makin bashi, wato makin da ke nuna yadda mutum ke biyan bashi, sai na kawo wanda zai tsaya mini. Na ce ai ko sisi ba a bina. Ta ce matsalar ke nan. Wallahi 'yan uwa raina ya ɓaci. Mu da aka rena kan gudun bashi, a ce rashin cinsa ne ya sa ake mini kallon wanda ba a yarda da shi ba!

Kamfanoni uku ne ke tara labarin bashin kowa, Experian da Equifax da TransUnion. Daga nan ake fitar da makin bashin da ake kira FICO, daga 300 zuwa 850, kuma sai ka kai 670 ake cewa naka ya yi kyau. Kashi 35 cikin ɗari na lissafin biya a kan lokaci ne. Kashi 30 yawan abin da ake binka, musamman nawa ka ci daga iyakar da aka yanka wa katinka. Daɗewar asusu kashi 15, ragowar kuma sababbin basussukan da ka nema da ire-iren waɗanda kake da su. Albashinka ba ya ciki, ajiyarka ta banki ma haka. Ka yi lattin kwana 30 kuwa, tabon zai iya binka shekara 7.

Wani dattijo ɗan Nijar da muke salla tare ya nuna mini hanya. Ka ajiye wa banki kamar dala 200 jingina, su ba ka katin bashi na daidai wannan kuɗin. Ka riƙa 'yar sayayya da shi, kada ka wuce kashi 30 na kuɗin katin, ka biya duka kafin ranar da aka sa. In ka yi haka ba a ɗora maka ruwa, abin da ya fi damuna ke nan tun farko. Bayan kamar wata shida maki ya fito. Ya ce kada in rufe tsohon kati, kuma in ƙyale katunan da ake tallata wa mutum a bakin kanta da sunan rangwame, don kowace nema tana rage maki.

Nakan tuna Kantin Kwari, inda ake ba mutum kayan miliyoyi da baki kawai saboda an san gidansu. Wannan mutuncin nake kewa. Amma mu faɗi gaskiya, mu muke kashe shi. Mutum ya ci bashin mai shago ya canja hanya, in an tambaye shi ya ce sai Allah ya hore, ga shi ya ɗinka ankon biki. Mai bin haƙƙinsa shi ke zama marar kunya. A nan ba mai biyo ka gida, amma ranar da ka je neman mota ko ɗaki za ka tarar da halinka a rubuce, kuma mai cika alkawari yana cin moriyar cikawarsa. Wannan kam ya burge ni.

Abin da har yanzu ke ci mini rai, adashin da muke zubawa a nan duk wata, ba wanda ya taɓa saɓawa, ko ɗaya ba ya shiga lissafinsu.