Daga Jidda: daren da bututun ruwa ya fashe a layinmu

Assalamu alaikum Yaya, ina fata kowa lafiya, ya jikin Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Na ga saƙon da ka tura a guruf ɗin unguwa kan bohol ɗin masallaci da sumonsa, injin da yake turo ruwan, ya ƙone, wai kowane gida zai kawo dubu biyar. Nawa kason na tura ta hannun yaron nan mai canji, in ya shigo ka sanar da ni. Amma wlh tun ranar maganar take cina a rai, musamman da ka ce sati uku kenan yara suna tafiya har bayan makarantar firamare neman ruwa kuma kurar ɗan ga-ruwa ta ninka kuɗi, shi ne na ce bari in zauna in rubuto maka abin da idona ya gani a nan, ko zai yi amfani a zaman kwamitinku.

Da farko dai kar wani ya ce maka a Saudiyya ruwa ba ya yankewa, yana yankewa sosai. Nan Jidda unguwanni da yawa ruwan da rana-rana yake zuwa, shi ya sa kowane gini yana da khazzan, wato wani ƙaton rami ne da aka gina da siminti a ƙarƙashin gida ruwa yana taruwa ciki, sai injin da suke ce wa dinamo ya tura shi tankin sama. In layinku ya yi kwana biyu ba ruwa ba ma za ka sani ba sai khazzan ya ƙafe.

To watan da ya wuce, tsakiyar zafin nan da ko da dare in ka fito riga sai ta manne maka a jiki, daren Alhamis na dawo daga aiki wajen sha ɗaya sai na tarar layinmu ya zama kamar fadama, ruwa yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin kwalta kusa da bakala, wato kantin ɗan Yaman ɗin nan da muke sayen burodi. Babban bututu ne ya fashe. Ni abin da ya fara zuwa raina shi ne shikenan an shiga wata guda na wahala, don haka muka saba. Mai gadin gidanmu, haris suke ce musu, waya kawai ya ɗauko ya kira kamfanin ruwa aka ba shi lambar rahoto. Kafin in fita sallar asuba sun zo sun kashe ruwan layin sun kewaye wurin da jajayen robobi, da hantsi kuma ga motar haƙa da ma'aikata kusan bakwai, ranar Juma'a fa, ranar hutu. Na tsaya na kalle su bayan masallaci, wani ɗan Fakistan ya shiga ramin ruwa har gwiwa yana yanke ruɓaɓɓen wurin, ga sabon guntun bututu baƙi a ajiye gefe. Khazzan ɗinmu dama ya yi ƙasa, sai mai gida ya nemi wayit ta waya, wayit ita ce tankar ruwa a bakinsu, kafin magariba ta zo ta zura tiyo ta cika mana. Asabar da yamma ruwa ya dawo. Kwaltar ce ta ɗan daɗe ba a gyara ba, ta kai kwana goma.

Yaya abin da ya tsaya min shi ne babu wanda ya zagaya da takarda gida-gida. Ba a ce mai unguwa ya tara mutane ba, ba a ce a jira kwangila ba, ba a ce kuɗi bai sauko ba. Kuɗin ranar fashewa yana nan a ajiye tun kafin bututun ya fashe, da ma'aikatan da kayan gyaran duk suna jira.

Kuma ka tuna ƙasar nan ko kogi ɗaya mai gudu duk shekara ba su da shi. Ruwan da muke wanka da shi daga Bahar Maliya ake ɗebowa a cire gishirin, tahliya suke kiransa, yawancinsa daga wata babbar tasha a Shu'aiba kudu da Jidda, ita ce kuma take ba Makka da Ɗa'if. Na Riyad daga Jubail ake turo shi cikin bututu sama da kilomita 400. Tun 1907 aka kafa injin tace ruwan teku na farko a Jidda, tsofaffi har yau Kindasa suke cewa, a 1947 kuma Sarki Abdul'aziz ya jawo ruwan Wadi Fatima zuwa gari, Ainul Aziziyya kenan, sai 1974 aka kafa hukuma guda ta tace ruwan gishiri. Wani dattijo Bakano da aka haifa a Makka ya ba ni labarin cewa mahaifinsa saƙƙa ne, garwa biyu a sanda a kafaɗa yana hawa duwatsun Makka da su, sak ɗan ga-ruwanmu. Ya ce yau jikokinsa in ka nuna musu garwar ba za su san ta mene ce ba. Mu kuma ga Tiga ga Challawa ga Tamburawa, ruwa Allah ya ba mu har ya yi yawa, amma sana'ar ga-ruwa sai ƙara kasuwa take yi.

Ba wai komai lafiya lau ba ne a nan, dole in faɗi gaskiya. Ka leƙa unguwanni irin su Karantina da Ghulail kafin rusau ɗin da aka yi, inda 'yan uwanmu da yawa suka zauna, gidajen da ba su da mita ba su da takarda, su wayit ɗin bayan fage suke saya da tsada, wanda ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, kuwa ba zai kira kowa ya kai ƙara ba, haƙuri kawai. Kuma waɗanda suka riga ni zuwa suna ba da labarin shekarun da ake kwana a layi a ashyab, wato inda ake cika tankoki, mutum ya riƙe tikiti tun dare har rana ta take. Ga ambaliyar Jidda ta 25 ga Nuwamba 2009 da ta kashe mutum sama da 100 ana cikin aikin Hajji, sai da aka yi wannan asarar sannan aka zuba kuɗi a magudanai da madatsu, Sarki Abdullahi ya ba da umarnin riyal miliyan ɗaya ga iyalan kowane mamaci ya kuma sa a yi bincike. A 2016 da aka ƙara kuɗin ruwa mutane suka yi ta kuka da bil, ministan ruwa da wuta ya rasa kujerarsa a watan Afrilu. Ruwa a nan magana ce da take iya cire mutum daga ofis.

Na san me Kawu zai ce in ka karanta masa, zai ce ai su masu man fetur ne kuma ba su kai mu yawa ba. Gaskiyarsa, tace ruwan teku ba aikin talaka ba ne. Amma ni ba tahliya nake roƙa mana ba. Ko Amurka da kuɗinta, lokacin da garin Flint a jihar Michigan ya koma shan ruwan kogi a 2014 dalma ta shiga ruwan famfo ta taɓa yara, sai da Obama ya ayyana dokar ta-ɓaci a Janairun 2016 aka riƙa raba ruwan gora da matatai kyauta, daga baya aka ware dala miliyan 100 don canza bututai. Ka ga ko su sun gane cewa ƙaramin gari ba zai iya ɗaukar irin wannan masifa da kuɗin bil ɗinsa ba, dole wata tukunya ta sama ta buɗe.

Mu ma ai ba a rasa sunaye ba. A 2018 Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwan sha da tsafta, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ta shanye Maiduguri gwamnatin tarayya ta ce ta ba kowace jiha naira biliyan 3 saboda ambaliya. Amma wannan na babbar masifa ne da duniya ta gani a talabijin. Masifar da take cin mu kullum ƙarama ce, sumo ya ƙone, bututu ya huje a cikin kwata yana zuƙo ƙazanta, taransifomar gidan ruwa ta lalace, sinadarin tace ruwa ya ƙare. Irin wannan in an samu kuɗi cikin kwana biyu an wuce wurin, in aka bar shi wata guda kuma damina ta sauka sai ka ji amai da gudawa a unguwa. Ban manta shekarar da muka kwana uku a asibiti da ƙaramar Anti ana ƙara mata ruwa leda bayan leda ba, daga ruwan rijiyar bayan gida ne, lokacin ma famfo ya yi wata biyu a bushe.

Shi ya sa nake ganin in kun zauna ranar Lahadi, bayan an haɗa kuɗin sumon, ku rubuta takarda ku kai wa kansila da ɗan majalisarmu na jiha, kowa ya sa hannu har limamai. Abu ɗaya za ku nema, a ware asusun gaggawa na ruwan sha wanda ba a taɓa shi sai ranar lalacewa, a sa lambar waya da za a kira, a faɗi kwana nawa ne iyaka kafin a zo, kuma in gyara zai daɗe a turo tanka. A manna sunan unguwar da aka kashe wa kuɗi da nawa aka kashe a allon sakatariya kowa ya gani. Kafin nan mu ma mu buɗe namu ɗan asusun, ko ɗari biyar-biyar ne a wata, ni da yaran unguwarmu da ke nan Jidda da Makka mu shida ne, na yi musu magana sun yarda za mu riƙa turowa duk ƙarshen wata.

Dan Allah kafin a gyara kar a bar yara su sha na rijiyar nan sai an tafasa, kuma jarkokin 'yan ga-ruwa a duba cikinsu, wasu duk gansakuka ce. Ka turo min hoton sumon da ya ƙone da ƙarfinsa, akwai wani shago a Balad, tsohon garin Jidda, da nake son in tambayi farashi, in ya fi sauƙi sai in ba wani mai dawowa daga Umara ya taho da shi.